Babi na Huɗu a Rediyo

Asabar, 9 ga Nuwamba, bayan azahar

Yau da hantsi na karanta babi na huɗu a rediyo. Da na gama, Abdoulrazak mai shirin yara ya cire abin kunnenshi ya aje bisa tebur. Sa'an nan ya ce, "Madan Hasiya, wanga babi ya fi sauran duka. Ina kinka samo maganar ƙarshen nan? Babban mutum ba shi iya ƙirƙiro ta."

Na yi dariya, na ce sirrin marubuci ne.

Abin da na yi niyya shina yiwuwa. Tun farkon littafin na yanke cewa Samiha ce za ta ba da labarin da bakinta, yarinya 'yar shekara sha biyu, don kada mai saurare ya san abin da ita ba ta sani ba. Ba ta taɓa cewa babanta ya mutu. Cewa take, "tun da baba bai komo daga kamun kifi ba." Kalmar mutuwa ba za ta fito ba sai babi na ƙarshe. Maganganunta gajeru ne, irin na yaron da ke riƙe da wani abu cikin baki. Ba ta kuka. Ranar zaman makoki ta ci shinkafa har ta ƙara, ta ji daɗinta, ta ji daɗin gida cike da mutane. Littattafan yara da nike karanta wa 'yan ajina duk suna sa maraya kuka tun shafin farko. Yara sun san ba haka abin yake ba.

Kuma na san inda ake yanke babi. Wurin da magana ta fi kaifi, nan ake tsayawa, ba a ƙara ko kalma guda.

Na biyo ta kasuwa. Ranar cin kasuwa ce, kowace rumfa da rediyonta. Wata mai tattasai ta ɗaga mini hannu ta ce, "Madan, mun ji ki!" Ban tsaya rumfar matar ƙanena Salamatu ba, mutane sun yi yawa.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, da la'asar

Karimatu ba ta zo ba.

Tun da babanta, ƙanena Issufu, ya rasu bara, Allah ya jiƙanshi, ba ta taɓa fasa zuwan Lahadi ba. Mu duba kayenta, littafin aikinta na Faransanci, in yi mata kitso. Na dafa wake da shinkafa, na rufe nata. Shina nan a rufe.

Litinin, 11 ga Nuwamba, lokacin hutun lakkol

Wurin Karimatu a ajina babu kowa. Ina kiran suna, na kai kan nata, sai wata daga bayan aji ta ce da Dendanci, yaren garin nan, "Samiha ba ta zo ba, Madan."

Aji duka ya ɗauki dariya. Wasu sun rufe baki da hijabi. Na ce su buɗe littafi. Na rubuta kwanan wata sau biyu bisa allo.

Talata, 12 ga Nuwamba, da safe

Na canza sunaye. Na mai da uban masunci, alhali Issufu kaya shike ƙetarawa da jirgi zuwa Gaya. Na ba yarinyar ƙanne mata biyu, alhali Karimatu ƙane guda gare ta, Zahiru. Na canza unguwa. Na canza sunaye.

Talata, da marece

Ban je ba.

Laraba, 13 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na je.

Na iske Salamatu, uwar Karimatu, bakin tandar banda tana juya kifi. Ta gaishe ni kamar kullum, ta tura Zahiru ya kawo mini tabarma da ruwa. Na tambayi yarinyar. Ta ce tun Lahadi da sassafe ta hau kabu-kabu ta tahi Madekali wurin kakarta.

Na ce lafiya?

Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Ina rumfa ranar Asabar, ina ƙunsa wa wata kifi. Maƙwabciyata ta kunna rediyo, na ji muryarki. Na ce mata, ƙara sauti, yayar mai gidana ce. Ni da bakina na ce ta ƙara."

Ta ture wani itace cikin wuta.

"Na ji zancen shinkafa, ban gane ba. Na ji yarinya ta ga wani mutum bakin gulbi mai tahiya irin ta babanta, ta bi shi har ƙofar duwan, wurin 'yan kwastan, sai da ya waiwayo. Matan rumfa sunka fara kallona, don ashe akwai wadda ta gan ta ran nan. Sa'an nan na ji na ƙarshe."

Na ce, "Salamatu, labari ne."

"Yaya, ban yi lakkol ba, amma kada ki raina mini hankali. Yarinyar cikin rediyo ta ce da ma uwarta ce gulbi ya ci, ba babanta ba. Abu guda nike tambaya. Ɗiyar ga tawa ta faɗi hakan, ko ke kinka ƙara?"

Ga ƙofa a buɗe. In ce ni na ƙara, don labari ya yi daɗi, ta zage ni, shi ke nan. Ni da na ƙirƙiri gari guda da mutanenshi cikin littafi, ƙarya guda ta gagare ni lokacin da ake bukatarta.  

Ta ce, "To, na ji."

Ta ce da ta komo daga kasuwa ran nan, ta iske yarinyar zaune cikin ɗaki. Ba wadda ta yi wa wata magana. Ta zuba mata tuwo, ta ci. Gari ya waye ba ta nan.

Da zan tahi ta ƙunsa mini kifi biyu, kamar yadda ta saba. Da ta jefe ni da su ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, da hantsi

Kan Karimatu na bisa cinyata ranar da ta faɗa mini maganar nan. Fuskarta na kallon bango, ina tsaga mata gashi. Yara sun fi magana in ba a ganin idonsu, na daɗe da sanin haka, har na sa shi cikin babi na biyu. Ta yi ta magana, ni kuma hannuna na kitso, kaina na ajiye kalmominta ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ce kada in faɗa wa kowa ba. Wa zai ce wa goggonshi haka?

Juma'a, 15 ga Nuwamba, bayan an sauko daga masallaci

Abdoulrazak ya kira, shina ta murna. Ya ce wayar rediyo ba ta huta ba tun Asabar. Wani mutum daga Gene ya kira ya ce ɗanshi, wanda uwarshi ta rasu da azumi, bai taɓa zancenta ba sai da ya ji Samiha. Yaron ya ce, "Baba, ni ma na ci abinci da yawa ran nan." Mutumin ya ce a gode wa Madan.

Na ji daɗi. Zan rubuta shi a nan tunda babu mai gani: na ji daɗi har cikin ƙashina, kuma na so ya maimaita mini abin da mutumin ya ce.

Ya tambayi babi na biyar. Na ce masassara nike yi, ba zan iya zuwa gobe ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba, da hantsi

Da bai samu sabon babi ba, sai ya sake sa na huɗu.

Ina shanya kaya na ji muryata daga gidan maƙwabta. Na ruga ɗaki na ɗauki waya, tana ta ringi ba ya ɗauka, shina cikin shiri. Na tsaya tsakar gida na saurari kaina har ƙarshe. Na karanta shi da kyau. Kafin maganar nan na ɗan yi shiru, don ta faɗa wa mutane da nauyi.

Ranar kasuwa ce. Salamatu na rumfa.

Da na ce mishi ya tsai da shirin, da ya tsai da shi. Masassara na ce.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na tahi Madekali. Hanya duk shinkafa ce an yanke an tara, mata na sussuka a bakin fadama. Mai kabu-kabu ya yi ta zancen farashin albasa, ban ji rabinshi ba.

Tsohuwa Mairo, uwar Salamatu, ta tarbe ni da mutunci. Ita ba ta jin rediyo, amma an faɗa mata. Ta ce, "Tana bayan gida tana sheƙa. Ba ta ce mini komi ba, ni ma ban tambaye ta ba. Tana cin abinci, tana salla."

Karimatu ta gan ni, ta aje faifai, ta durƙusa har ƙasa.

"Ina wuni, Madan."

A lakkol kaɗai take ce mini Madan.

Na zauna bisa turmi. Duk maganar da na shirya a hanya ta watse. Na ce na zo in ba ta haƙuri. Na ce na yi zaton in na canza sunaye ba wanda zai gane. Na ce littafin zai taimaki yara irinta, har na fara ba ta labarin mutumin Gene. Ina jin kaina ina faɗi, ina jin ƙyamar muryata, ban tsaya ba.

Ta bari na gama. Ta ce, "Kin sa shinkafa. Kin sa mutumin da na bi. Kin sa wancan. Don mi ba ki sa sauran ba?"

Na ce wane saura?

"Abin da na ce bayanshi."

Na tuna. Ban taɓa mantawa ba, gaskiya ke nan. Ran nan, bayan ta faɗi wancan, sai ta ce, "Amma in da Inna ce ta tahi, Goggo, da ban kai yau ba. Da na bi ta." Na rubuta shi a karon farko. Da na sake karantawa sai na ga babin ya yi sanyi, ya zama kamar yarinyar na neman a yafe mata. Na ja mishi layi.

Ta ce, "Kin manta ne?"

Na ce a'a.

"To don mi?"

Na ce, "Babin ya fi ƙarfi ba tare da shi ba."

Ta dube ni kamar na yi magana da wani yare. Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da sheƙa. Ƙaiƙayi na tashi shina sauka bisa zanena, ban kakkaɓe ba.

Litinin, 18 ga Nuwamba, da safe

Na koyar da yadda ake rufe labari. Shina cikin tsarin karatun wanga wata, ba ni na zaɓa ba.

Talata, 19 ga Nuwamba, da marece

Na koma wurin Salamatu na faɗa mata rabin da na yanke, kalma da kalma yadda yarinyar ta faɗe shi.

Ta saurara tana wanke kwando. Ta ce, "Ranar Laraba kin ce labari ne, ashe gaskiya ce. Yau kin ce gaskiya ce. Ƙaƙa zan yi in gane?"

Na rantse mata. Ta ce kada in yi rantsuwa a gidanta a kan wagga magana.

Ta rame. Zahiru ya ce mini tun ranar Asabar ba ta koma rumfa ba, maƙwabciya ke sayar mata da kifin. Ya tambaye ni ko Yaya Karima ta yi laifi ne anka kore ta. Na ce a'a. Ya ce to wa ya yi? Na ce ya je ya wanke hannunshi.

Laraba, 20 ga Nuwamba, bayan azahar

Na je rediyo na faɗa wa Abdoulrazak komi. Ya riƙe kai. Ya ce da ya sani da bai sake sawa ba, na ce laifin ba nashi ba ne.

Da ya natsu sai ya ce, "Amma Madan, kowane marubuci daga mutanenshi shike ɗiba. Daga ina kuma za a ɗiba?" Sa'an nan ya kawo shawara: in buɗe babi na biyar da maganar da na yanke. Samiha ta ƙarasa zancenta, gari duka ya ji, bakin mutane ya mutu.

Shawara ce mai kyau. Tun shina magana na ga yadda zan gina shi: a fara babin da kalmar "amma," ba gaisuwa, ba bayani, kamar mako bai wuce ba tsakanin numfashi biyu. Na ga shi sarai. Har na ji inda zan yi shiru.

Wato in sake ɗaukar maganarta, wadda ta fi waccan zama tata, in sake kai ta kasuwa.

Na ce mishi babu babi na biyar. Ya ce yara za su tambaya mi ya faru da Samiha. Na ce ya ce musu Madan ba ta sani ba.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, da hantsi

Na so in ƙone takardun. Na fito da su, na zauna gaban murhu, na fara karanta babi na ɗaya, na gyara wata jimla. Na mai da su cikin akwati.

Juma'a, 22 ga Nuwamba, da marece

Direktan lakkol ya tambaye ni ɗiyar ɗan'uwana, ya ce jarrabawa ta matso. Na ce tana jinyar kakarta. Ƙarya na zo mini da sauƙi yanzu, da ba ta da amfani ga kowa sai ni.

Na biyo ta bakin gulbi. Jirage na ta lodi, ana ƙetarawa da buhuna. Ban taɓa tsayawa nan ba tun bara. Na rubuta wurin ga sau da yawa cikin littafi, da warin kifi da ihun masu lodi, duk daga bakin Karimatu na samo. Ita ke zuwa. Ni Issufu ƙanena ne, ni na goya shi, amma ban zo ba ko sau ɗaya. Na ba yarinya baƙin cikin ta ɗauka, ni na tsaya gefe ina duba ko ya zauna daidai.

Asabar, 23 ga Nuwamba, da hantsi

Waƙoƙin yara Abdoulrazak ya sa a rediyo. Na kashe.

Lahadi, 24 ga Nuwamba, da marece

Da sassafe Salamatu ta yi sallama ƙofata, da mayafinta na fita. Ba ta shigo ba. Ta ce, "Madekali za ni. Ke kinka kore ta, ke za ki raka ni."

Munka hau kabu-kabu biyu. Tana gaba, ina kallon bayanta har munka isa.

Tsohuwa Mairo ta ga ɗiyarta, ta ga ni, ta ce bari ta leƙa maƙwabta. Karimatu na tsakar gida tana auna shinkafa cikin buhu. Ta durƙusa ta gaida uwarta, idonta na ƙasa. Salamatu ta amsa. Ba ta zauna bisa tabarma ba. Ta tuɓe mayafi ta rataye, ta kama bakin buhun ta riƙe mata. Karimatu ta ɗan tsaya, sa'an nan ta ci gaba da zubawa.

Ni na raɓe jikin rumbu. Ba wanda ya ce in zauna.

Buhu ya kai rabi kafin Salamatu ta yi magana. Ba ta kiran sunan yarinyar, 'yar fari ce.

"Ke. Abin da kinka faɗa wa goggonki."

Kwanon ya tsaya a hannun Karimatu.

"Na riga ki. Tun ranar da anka fito da shi daga ruwa nike faɗinshi. Kowace asuba, bisa tabarmar salla. Da ma ni ce, da ma ni ce. Har na je na tambayi malam, ya ce in bari, ba kyau. Ban bari ba. Shi zai iya biya miki lakkol har ki gama, shi ke sa ki dariya. Ni mi na iya, banda kifi?"

Karimatu ta ce, "Inna, ba nan na tsaya ba. Akwai saura."

"An faɗa mini."

"Ba ki yarda ba?"

"Daga bakinki nike so."

Ta faɗa mata. Ban ji ba, don ta sunkuya ne har goshinta ya kusa taɓa kafaɗar uwar, kuma da Dendanci ta yi, can ƙasa-ƙasa. Salamatu ta saki bakin buhu, shinkafa ta zube bisa ƙafafunsu. Ba wadda ta duba. Sun daɗe a haka.

Daga baya Salamatu ta share fuska da gefen zane ta ce, "Kwashe wannan kafin kakarki ta gani. Ki ɗauko kayanki. Zahiru ya ƙi cin tuwo in ba ke kinka zuba ba."

Karimatu ta ce 'yan aji za su ce mata Samiha. Uwar ta ce, "Ni ma matan rumfa na jirana. Gobe ke ki tahi naki, ni in tahi nawa."

Ni kuwa, ina jikin rumbu, ga abin da ke cikin kaina: shinkafar da ta zube. Cewa ba sai an ji abin da yarinyar ta raɗa ba, ya fi kyau mai karatu ya tsaya nesa. Cewa ga ƙarshen littafin da na yi wata da watanni ina nema. Ina kuka, kuka na gaske, kuma ina jera shi.

Da munka fito neman kabu-kabu, Salamatu ta yi gaba. Karimatu ta rage tahiya har na iske ta, ƙunshin kayanta bisa kai. Ba ta dube ni ba.

Ta ce, "Na ga bakinki shina motsi ɗazu."

Ta gyara ƙunshin bisa kanta.

"Wannan namu ne. Ni da Inna."

Na ce to.

Ga shi kuma na rubuta.